Yadda Ake Zaɓen Littafin Hikaya Na Gaba: Jagora Ga Masu Karatu A Jos

Mai karatu ya gama littafin da ya hana shi barci kwana uku, sai ya shiga dandalin WhatsApp ya rubuta, "Don Allah a ba ni sunan littafi mai daɗi." Kafin la'asar an jero masa sunaye ashirin. Ya sayi biyu, ya fara ɗaya ya ajiye a shafi na 10, ɗayan ko bangonsa bai buɗe ba. Masu ba da sunayen ba su yi laifi ba, tambayar ce ba ta da kai. Labarin da ya sa wata ta raba dare tana share hawaye, shi ne zai sa wani hamma tun daga babi na farko. Saboda haka aikin yana farawa ne daga mai karatu, kafin a je ga mai shago.

Mataki na 1: Gano abin da ya tafi da kai

Ɗauki takarda. Rubuta sunan littattafai 3 da ka karanta har ƙarshe kana jin daɗi, da 2 da ka yar a hanya. A gaban kowanne rubuta layi ɗaya tak: me ya sa ka ci gaba, ko me ya sa ka tsaya? Kada ka rubuta "yana da daɗi" ko "ba shi da ma'ana". Ka ambaci abu takamaimai.

Amsar takan faɗa cikin ɗayan abubuwa biyar. Akwai gudun labari, inda kowane babi ke ƙarewa da abin da zai sa ka buɗe na gaba. Akwai mutanen ciki, wato tauraro ko tauraruwar da ka ji kamar ka san ta a unguwarku. Akwai harshe: karin magana, habaici, zaurance, hirar da kake ji kamar a kunnenka ake yi. Akwai wuri da zamani, kamar fada, ko ƙauye, ko gidan yawa, ko jami'a. Sai jigo, wato abin da labarin ya ginu a kai: kishi, auren dole, cin amana, siyasa, yaƙi.

A nan ne mafi yawan mutane ke kuskure. Sukan ɗauka jigo ne ya kama su, alhali ba shi ba ne. Mai cewa "ni dai soyayya nake so" bai faɗi komai ba, domin littattafan soyayya sun fi a ƙirga. In aka tsananta bincike sai a ga abin da ya burge shi shi ne bakin wata kaka a labarin, mai jifa da karin magana. Irin wannan mai karatu zai fi jin daɗin littafin da babu soyayya a ciki ko kaɗan amma Hausarsa ta nuna, a kan wanda aka cika da kalaman ƙauna cikin gurguwar Hausa. Littattafai biyun da ka yar ɗin ma sun fi ukun faɗa maka gaskiya. In dalilin ajiye su ɗaya ne, misali jan labari, to ka samu abin da za ka riƙa gudu.

Mataki na 2: San zamunan rubutun, don ka san inda za ka nufa

Ƙagaggen labarin Hausa na boko ba tsibi ɗaya ba ne. Kowane zamani da irin ɗanɗanonsa, kuma sanin wannan yana rage rabin wahalar zaɓe.

Na farko su ne littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933 da Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Fassara, ya shirya a Zariya. Gajeru ne, mutum zai iya cinye ɗaya a yini guda, amma ba iri ɗaya ba ne. Mai son dariya da iya zance ya nemi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ya ga yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna ƙeta. Mai son labarin da ke tafiya a natse, mai sosa zuciya, ya nemi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da cinikin bayi ya raba da mahaifiyarsa. Ganɗoki na Bello Kagara na masu son kirari da fagen fama ne. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East kuwa ya ginu ne a kan ramuwar gayya, bayan mai kuɗi ya raba saurayi da budurwarsa. Magana Jari Ce ta biyo bayansu, littafi uku, kuma ta fi dacewa da wanda ba ya samun dogon zama, tunda labarai ne gajeru da aku ke bayarwa, za ka iya karanta ɗaya ka tashi.

Na biyu su ne na wajajen 1980, kuma su ne masu karatun yau suka fi tsallakewa, abin takaici. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980 daga kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, soyayya ce a cikin rayuwar Fulani. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tono fasa-ƙwauri da cin hanci. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare yana da gudu da zubar da jini, bai dace da mai raunin zuciya ba. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo yana bin saurayin da ya bar ƙauye ya faɗa ruɗin birni. Duk wanda ya rubuta "gudun labari" a takardarsa, kuma ya gaji da rikicin kishiyoyi, nan ya kamata ya fara.

Na uku shi ne abin da ake kira adabin kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, marubuta na buga kayansu da kansu. A nan akwai zinariya, akwai kuma ƙaiƙayi mai yawa, don haka sunan marubuci ya fi hoton bango amfani. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino shi ne ƙofar shiga ga mai son soyayyar 'yar mai kuɗi da ɗan talaka. Balaraba Ramat Yakubu ta fi kowa iya fito da zafin zaman gida: Alhaki Kuykuyo Ne a kan matar da miji ya wulaƙanta saboda amarya, Wa Zai Auri Jahila? a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar. Bilkisu Ahmed Funtuwa tana da taushin harshe, matanta masu ilmi ne da sanin zaman duniya. 'Yartsana na Ibrahim Sheme ya shiga rayuwar mata masu zaman kansu ba tare da kawar da kai ba. Akwai kuma reshen littattafan yaƙi da aljanu, wanda samari suka fi bi, inda sunan Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi fice.

Na huɗu rubutun intanet ne, zancensa na tafe. Sai kuma na Turanci da 'yan Arewa suka rubuta. Mutumin Jos da ke karanta Turanci yana da wanda ya shafe shi kai tsaye: Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen garin nan, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016. Tauraruwarsa bazawara ce da rikicin Jos ya kora zuwa gefen Abuja. Littafin manya ne, a san wanda za a miƙa wa.

Wata dabara da ba ta cika ba da kunya ba: in littafi ya burge ka, kada ka yi tsalle zuwa wani marubuci nan da nan. Nemi na biyu daga alƙalamin da ya rubuta shi. In shi ma ya yi, ka samu marubucinka. In bai yi ba, to abin da ya kama ka a na farkon ba salon marubucin ba ne, koma ka duba takardarka.

Mataki na 3: Yi tambayar da za ta haifi amsa

Tambaya mai kyau tana ɗauke da abu huɗu: littafin da ka so, dalilin son, abin da ba ka so, da tsawon da za ka iya. Ga yadda wata za ta tambayi ƙanwar mahaifiyarta da ta daɗe tana karatu: "Anti, na gama Alhaki Kuykuyo Ne, abin da ya burge ni yadda matar ta tsaya ta riƙe 'ya'yanta. Ina son irinsa, amma ban da na aljanu, kuma kada ya wuce littafi biyu." Wannan tambaya ba za ta jawo sunaye ashirin ba. Biyu ko uku za ta jawo, kuma za su yi kusa da abin da ake nema.

Wa za a tambaya? Mutum ɗaya da ɗanɗanonku ya taɓa haɗuwa ya fi dandali mai mutum ɗari biyu. Gwada shi da littafin da ka riga ka karanta: in ya yabi wanda ka yar, ka san shawararsa ba taka ba ce, ko da kuwa ya fi ka karatu. Malaman Hausa na makarantun sakandare sun san tsofaffin littattafai ciki da bai. Mai sayar da littafi kuwa ya san abin da ke tafiya a kasuwa, amma ka tuna yana da kayan da suka kwana masa. Kada ka ce masa, "Wanne ne mai daɗi?" Ka ce, "Malam, wanne ne waɗanda suka saya suke dawowa neman na biyunsa?" Wannan ita ce shaidar da ba ya iya ƙirƙira cikin sauƙi.

Game da inda ake samu, tsofaffin littattafan Zariya an fi dacewa da su a shagunan littattafan makaranta, domin da yawansu an sha sanya su a manhajar jarrabawa. Zagaya wajen Terminus da titin Ahmadu Bello, ka kuma tambayi masu shimfiɗa littattafai a kusa da babban masallacin Juma'a. Na kasuwar Kano kuwa, wanda ba a samu a Jos ba, a sa wani ya saya a Kano ya ba direba a karɓa a tashar Bauchi Road. In za a yi haka, a rubuta wa mai sayen sunan littafi, da sunan marubuci, da adadin kashinsa. Suna kaɗai ba ya isa, domin ana samun littattafai biyu masu suna ɗaya ko kusan ɗaya.

Mataki na 4: Gwajin minti goma kafin biyan kuɗi

Fara da jikin littafin. Yawancin na kasuwar Kano kashi-kashi suke zuwa, na 1, na 2, na 3, wani har na 4. Buɗe shafin ƙarshe na kashin da aka ce maka shi ne na ƙarshe, ka dubi layin ƙasa kawai, kada idonka ya hau sama. In an rubuta a nemi ci gaba a littafi na gaba, to ba a ba ka duka ba. Kada ka sayi na 1 da niyyar dawowa neman saura, sau da yawa na tsakiya ne ke yankewa a kasuwa, ka zauna da kai da ƙafa babu gangar jiki.

Sannan ka bi lambobin shafi da babban yatsa. Littafin da aka manne da gam ana haɗa shi ne daga ƙullin shafuka 16 ko 32, don haka kuskure yakan zo a dunƙule: daga shafi na 32 sai ka ga 49, ko kuma ƙulli ɗaya ya maimaitu. Siririn da aka ɗinke da waya a tsakiya kuwa, takarda ɗaya in ta ɓace wuri biyu take ɓata, gaba da baya, kuma ta tsakiya ce ke fara ficewa. Duba ko tawada ta dushe a wasu shafuka, ko rubutu ya shige cikin ɗauri.

Yanzu karatu. Karanta shafuka 2 na farko, sai ka buɗe wajen kashi ɗaya cikin uku na littafin ka karanta shafi 1. Dalili shi ne marubuci yakan zuba ƙarfinsa a buɗewa, tsakiya ce ke nuna ko hannunsa ya faɗa. Abin da za ka lura da shi:

Hira. Rufe sunayen masu magana da yatsa. In ka iya bambance uwa da 'ya, ko maigida da yaronsa, daga yadda suke zance, marubucin ya iya. In kowa bakinsa ɗaya, haka za a tafi har ƙarshe.

Ciko. In shafi guda ya ƙare a kan bayanin leshi da takalmi da ƙirar mota da kujerun falo, ba tare da wani abu ya faru ba, ka sa ran irinsa a kowane babi.

Rubutu. Baƙaƙe masu lanƙwasa ba ado ba ne. Wanda bai raba ƙasa da kasa ba, ko ɓata da bata, zai sa ka riƙa komawa baya kana gyara jimla a ranka, karatu ya zama aiki. Haka nan haɗe kalmomi da raba su barkatai, da cusa Turanci a kowane layi. Wasu wannan bai dame su ba. In ya dame ka a shafi ɗaya, ba za ka jure shi a shafi 200 ba.

Daga nan sai lissafin lokaci. Duba agogo ka karanta shafi ɗaya. In ya ci minti 2, littafi mai shafi 180 zai ci minti 360, awa 6 ke nan. Mai samun rabin awa kullum bayan isha'i zai yi kwana 12 a kansa. Ɗalibin da jarrabawa ta rage masa mako biyu ya ɗauki gajere, ko tarin gajerun labarai.

Mataki na 5: Littattafan waya

Yau da yawan sababbin marubuta, musamman mata, a WhatsApp da Wattpad da Facebook suke sakin labari shafi-shafi, wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube. Gwajin da ke sama yana aiki a nan ma, sai dai akwai ƙarin tambayoyi uku.

An kammala shi? Wannan ce ta farko. Labarin da ake kan rubutawa yana iya tsayawa saboda haihuwa ko rashin lafiya ko gajiya, ya bar ka a rataye. Ko da bai tsaya ba, yakan yi tsawon da bai kamata ba, domin marubuciya na bin ra'ayin masu sharhi, a ƙaro kishiya, a ƙaro hatsarin mota. In ba ka da haƙurin jira, kammalalle kawai za ka nema.

Ina na kyauta ya tsaya? An saba a saki shafukan farko kyauta, a yanke daidai inda rai ya ɗauka, sannan a ce a biya. Ba laifi ba ne, guminta ne. Amma ka san farashi da tsawon labarin tun kafin ka fara, kuma ka biya ta lambar da marubuciyar ta sanya da kanta a cikin rubutun. Masu tattara littattafan mutane suna sayarwa a kan rahusa sata suke yi, kuma kwafinsu yakan zo da gibi ko babu ƙarshe.

Akwai batsa a ciki? A tambaya kai tsaye, ba kunya. Wasu labaran sukan fara da tsabta, sai an shiga ɓangaren kuɗi su juye. Uwa ko yaya da za ta tura wa 'yar sakandare labari, ta karanta shi da kanta har ƙarshe tukuna, kada ta dogara da shafukan kyauta.

Mai neman sababbin alƙaluma masu inganci ya bibiyi gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don gajerun labaran mata. Labaran da suka kai matakin ƙarshe sun bi ta hannun alƙalai, kuma gajeru ne. Wadda labarinta ya kama ka, sai ka nemi dogayen rubuce-rubucenta.

Mataki na 6: San lokacin ajiyewa, ka kuma riƙe rajista

Ba wa littafi mai kauri shafi 40, siriri kuma shafi 15. In ka kai nan ba ka damu da abin da zai sami kowa a ciki ba, ajiye shi. Tilasta wa kai gama littafin da ba ya shiga shi ke kashe sha'awar karatu gaba ɗaya, mutum ya yi wata uku bai taɓa wani ba. Tsofaffin littattafai kaɗai za a ƙara wa haƙuri, domin Hausarsu na bukatar kunne ya saba. Gwada karanta shafi ɗaya a bayyane, sau da yawa nan take yake buɗewa.

Sami ƙaramin littafin rubutu. Kowane littafi layi ɗaya: suna, marubuci, wanda ya ba ka shawara, ka gama ko ka ajiye, da dalili. Bayan littafi 10 za ka ga abu biyu ƙarara, irin labarin da kake gamawa, da mutumin da shawararsa ke dacewa da kai. A bayan littafin ka ajiye sunaye 3 masu jiran layi, kada su wuce haka. Dogon jeri nauyi yake zama.

Mataki na 7: In kai aka tambaya

Kada ka fara da gwaninka. Fara da tambaya: "Wanne ka karanta na ƙarshe da ya burge ka, me ya burge ka a ciki?" Sannan ka ba da suna ɗaya, in ya yi yawa biyu. Faɗi mafarin labarin a jimla biyu, ka tsaya a inda rikici ya kunno kai. Wa ya mutu, wa ya auri wa, asirin wa ya tonu, duk ba naka ba ne ka faɗa. Ko cewa "ƙarshensa zai ba ka mamaki" ɓata labari ne, domin mai karatu zai yi ta zuba ido yana jiran mamakin.

Faɗi aibinsa ma. "Yaya, babi ukun farko suna da ja, ki daure, daga na huɗu yake tashi." Wannan jimla ita ke hana a yar da littafi mai kyau. In akwai fyaɗe ko kisa ko rikicin addini da ƙabilanci a ciki, ka sanar tun farko. A garin da gidaje da yawa suka ɗanɗana irin wannan da idonsu, ba kowa ke son ya ci karo da shi ba shiri ba.

In aro za ka bayar, rubuta sunanka a shafin farko da kuma wani shafi na ciki, domin bango da shafin farko ne ke fara yagewa. Sa ranar dawowa, mako biyu ya isa, ka rubuta a rajistarka. Mai kashi-kashi kuma kada ka ba da shi duka lokaci guda: a dawo da na 1 a karɓi na 2. Da damina ka roƙi mai aro ya sa shi a leda in zai fita, kuma kada ya jingina shi da bangon ɗaki, domin danshin watan Agusta a Jos yana kumbura takarda ya sa gam ya saki.